Shekarar da Na Daina Shafa Maganin Sanƙo

A wani kantin kayan abinci da ke Lewisham na fara ganin sanƙona, kuma da farko ban san nawa ba ne. Wata Asabar ce a ƙarshen shekarun 1980, mun je cefane ni da matata. Mai kantin ya kafa 'yar ƙaramar talabijin a saman kanta, irin wadda ke nuna abin da kyamarar tsaro take ɗauka daga sama. Muna cikin layi, ina rungume da buhun shinkafa, sai na tsaya kallo don rage zaman jira. Ga wani bawan Allah nan a cikin hoton, ya ba kyamara baya, tsakiyar kansa ta yi fili kamar inda aka ɗaure akuya ta cinye ciyawar da igiyarta ta kai. Na ce a raina, Allah sarki, ga shi kuma da alama bai tsufa ba. Na lura shi ma shinkafa ya runguma. Na gyara riƙon buhuna, shi ma ya gyara nasa.

Na taɓa matata na ce, “Dubi can. Wa kike gani?”

Ta ɗaga kai ta ce, “Mijina.”

“Wancan kan fa?”

“Kan mijina.”

“Tun yaushe yake haka?”

“Ai ya daɗe. Tun muna zaune a Catford.”

Lokacin mun fi shekara da komawa Thamesmead. Na ce, “Shi ne ba ki taɓa gaya mini ba?”

Ta ce, “Me zan ce? Na ga abin a baya yake, ba ya tare maka hanya.”

Ni Bafillacen Kano ne, ita Babarbariya ce haifaffiyar Maiduguri. Duk wanda ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari ya san abin da na jawo wa kaina ranar da na aure ta. Amma kafin wannan Asabar ina da makami ɗaya da ba ta da amsarsa, wato gashi. Nawa baƙi ne wuluk, mai laushi, mai cika. Ina saurayi a Kano na tara shi ya yi tsiri, mataji kullum a aljihun baya. Duk sanda ta fara tsokanata da cewa Bafillace bai san komai ba sai bin saniya, sai in shafa kaina kawai in ce, “To, a kawo irin wannan daga Barno mu gani.” A bas ɗin da ya mayar da mu gida ran nan murmushi kawai take yi tana kallon taga, irin na wanda ya san daga yau filin ya zama nasa.

Da a gida ne, da abin bai dame ni haka ba. Namiji a Kano da hula yake fita, da hula yake dawowa, kana iya shekara goma da maƙwabcinka ba ka san me ke ƙarƙashinta ba. A London kuwa kaina a buɗe yake yini. Ina aiki a sashen safiyo na wata council, wato ƙaramar hukuma, muna zana taswirar unguwanni, kuma aikin na sunkuyo ne a kan faffaɗan tebur. Ashe duk tsawon lokacin nan, duk wanda ya shigo ofis, sanƙona ne yake fara gaishe shi kafin ni.

Wanda na fara kai wa ƙara shi ne mai askina. Yana da ɗan shago a Catford, mutumin zangon Kumasi ne, dattijo mai fara'a, Hausarsa irin ta can wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Kullum na shiga sai ya ce, “Maigida, ina madam? Yana lafiya?” Ran nan ban ko amsa gaisuwar sosai ba na nuna masa tsakiyar kaina.

Ya ce, “Oh, wannan? Ni na gan shi tun da daɗewa. Ina ta rufe shi ne. In ɗauko gashi daga nan, in kwantar can.”

“Kai ma ka sani ka yi shiru?”

“Maigida, mutum ya zo aski, ba ya zo jin labari mara daɗi ba.”

Shi ne ya ba ni labarin wani sabon ruwan magani da aka fara sayarwa, wai ana ɗiga shi a kai gashi ya dawo. Ya ce wani kwastomansa ɗan Jamaika yana sa wa, kuma ya ga alamar canji. Washegari na nemi a ba ni ranar ganin likitarmu.

Likitar wata Baturiya ce mai magana a hankali. Ta duba kan, ta ce irin sanƙon maza ne da aka saba gani, ba ciwo ba ne. Ta ce maganin ba kowa yake yi wa aiki ba, kuma ko zai yi sai an yi watanni ana haƙuri. Daga nan ta ajiye biro ta dube ni ta ce, “Abin da nake so ka riƙe shi ne, ba warkarwa yake yi ba. Ranar da ka daina, duk abin da ya ba ka zai karɓe.” Na gyaɗa kai kamar na fahimta. Gaskiya hankalina ya riga ya tafi kemis.

Haka na shiga bautar kwalba. 'Yar ƙarama ce, da ɗan bututu mai kan roba da ake zuƙo ruwan da shi. Safe da yamma zan tsaya a banɗaki, madubi a gabana, wani ƙaramin madubin matata a hannun hagu ina haska ƙeya, in ɗiga, in murza da yatsa. Bayan nan ba a so ruwa ya taɓa kan sai an yi sa'o'i. A garin da ruwan sama ba ya neman izinin kowa, wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Na zama mutumin da ke fita da lema ko rana ta fito. Ga kuma alwala. Dole na tsara shafawar ta bi bayan sallar asuba da ta magariba, in kuwa alwalata ta karye kafin isha'i, sai in shafi gaban kai da ƙyar kamar mai taɓa tukunya mai zafi.

Warin maganin ma ya tayar mini da hankali, don yana da sinadarin barasa a ciki. Ranar Lahadi mukan taru a wani ɗakin taro da muke haya, 'yan Najeriya da 'yan Ghana, a yi karatu a yi sallar azahar tare. Wanda ke ja mana karatun tsoho ne mai ilimi, sai dai kunnensa ya yi nauyi. Na jira mutane suka shagala da shan shayi, na matsa kusa da shi na yi ƙasa da murya na ce, “Allah ya gafarta Malam, akwai wani magani da nake shafawa a ka, an ce da barasa a cikinsa. Ya halatta in yi salla da shi?”

Ya ce, “Maganin me?”

Na ƙara matsawa na raɗa masa.

Ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma zai ji ya ce, “Sanƙo? Sanƙo ma yana da magani yanzu?”

Ɗakin ya yi tsit, cokula suka daina kaɗa shayi. Malam ya ce tunda ba sha nake ba, kuma bushewa yake, in yi sallata ba komai. Ya ƙara da cewa shi dai da ya samu na kunne da ya fi so. Na koma wajen zamana ina jin kamar ƙasa ta tsage. Amma da aka tashi, ina ɗaura igiyar takalmi, wani babban ma'aikacin gwamnati da ya zo kwas daga Kaduna ya tsuguna kusa da ni kamar shi ma takalmi yake nema, ya ce, “Ranka ya daɗe, a wane kemis ake samu?” Kafin in kai tashar bas wani ma ya biyo ni da tambayar, shi wai wani ƙaninsa yake tambayar wa. Tun daga ranar na fara lura da kawunan mutane a wajen alwala, inda kowa ke cire hula, na gane ashe muna da yawa.

Wata da watanni ba abin da na gani sai ƙaiƙayi da amosani. Can sai wani ɗan gashi ya fara tsirowa, siriri, mai laushi, kamar na ɗan tsako. Na kira matata banɗaki na sunkuyar mata da kai a ƙarƙashin fitila. Ta duba da kyau, har ta hura shi da baki, ta ce, “Barka da arziki. Yaushe ne suna?” Amma a hankali gashin ya yi kauri, ya yi duhu. Bai koma kamar na da ba, sai dai filin ya rufe yadda in ba ka sani ba ba za ka ce komai ba. Mai askina ya ce yanzu aikinsa ya ragu. Ni kuma na koma shafa kai a gaban Babarbariya, ko da yake yanzu takan ce, “A dai gode wa kwalba.”

Na yi shekaru a haka. In za mu je hutu gida, kwalbar ce farkon abin da nake sa wa a jaka, kafin tsarabar kowa. Ban taɓa tunanin dainawa ba, sai da Allah ya ba mu 'ya mace, ta yi wayo, ta gano dokin wuya.

Ba abin da yarinyar nan take so a duniya kamar in ɗora ta a wuyana. Da Hausa muke yi mata magana, tana ji sarai, amma da Turanci take amsawa. Da ta gan ni sai ta ɗaga hannu biyu ta ce, “Baba, up!” In ta hau kuwa, gashina ne linzaminta. Ta cusa yatsu ciki ta riƙe, in tana so in yi dama ta ja dama. Lifta a benenmu ta fi lalacewa a kan aiki, don haka a wuyana take hawa a wuyana take sauka. Takardar da ke cikin kwalin maganin ta ce a kiyaye shi daga yara, ni ma na sani, shi ya sa nakan yi dabara in ɗauke ta kafin in shafa ko bayan ya bushe sosai. Amma yaro bai san jadawali ba.

Wata safiyar Asabar na shafa ke nan, na zauna a ƙasa a falo ina ɗaure takalmi, za mu je bakin tafkin unguwa mu ba agwagi burodi. Ban ji zuwanta ba. Ta hau kujera ta bayana, ta faɗo a wuyana, ta rungume kan, ta manna masa baki. Sai na ji ta saki ta fara tofar da yawu, ta ɓata fuska, ta ce da Turancinta wai kan Baba ɗaci gare shi.

Ban san sanda na sure ta zuwa banɗaki ba. Na wanke mata baki, na wanke hannuwa, tana ta kuka saboda ruwan sanyi. Uwarta ta fito daga kicin da ludayi a hannu, na gaya mata abin da ya faru, a karon farko tun da muka yi aure ba ta yi mini ba'a ba. Ita ta buga waya asibiti. Suka yi tambayoyi, suka ce tunda lasa ce kawai mu sa mata ido, in mun ga wani canji mu kawo ta. Muka yini muna kallonta kamar masu gadin madara a wuta. Ita kuwa ta ci abincinta, ta yi barcinta, ta tashi ta ɗaga hannu ta ce, “Baba, up!”

Da na koma wajen likita ta ce maganar ba ta da wuya, ko dai in hana yarinya taɓa kaina har ya bushe, safe da yamma, ko kuma in daina. Na ce zan iya hana ta.

Na gwada. Za ta zo da gudu da hannu a sama, in ce, “Ba yanzu ba, sai an jima.” Sai ta tsaya tana kallona, leɓen ƙasa yana rawa, ta juya ta tafi ta ɓuya a bayan labule. Da safe kuma “an jima” ɗin ba ya zuwa, don kafin kan ya bushe na tafi aiki. Matata ce ta kawo shawarar in riƙa sa hular wankanta ta roba, wata ruwan hoda mai zanen furanni. Na san da biyu ta kawo shawarar, amma na karɓa. Na yi makonni ina zagaya falo da hular wanka, yarinya a wuya tana buga ta kamar ganga. Kan ya riƙa yin gumi, ƙaiƙayin ya ƙaru. Wata rana aka ƙwanƙwasa ƙofa na buɗe, na manta da abin da ke kaina. Tsohuwar Baturiyar da ke flat ɗin kusa da namu ce ta kawo mana wasiƙar da aka jefa mata bisa kuskure. Ta dube ni, ta dubi hular, ta ce kalar ta karɓe ni ƙwarai, ta juya. Ina jin matata a kicin tana dariya har da tari.

Ba zan ce na zauna na yanke shawara ba. Kwalbar ce ta ƙare, na biya kemis bayan an tashi aiki, na shiga layi. Ina tsaye ina tunanin wata sabuwar kwalba, da wadda za ta biyo bayanta, da hular furanni, har ranar da yarinyar za ta yi girman da ba za ta ƙara cewa a ɗauke ta ba. Da layi ya zo kaina mai kemis ya miƙa hannu zai ɗauko abin da ya saba ba ni. Na ce masa a'a, yau man goge baki kawai nake so.

A gida na ce wa matata, “Na daina.”

Ta ce, “Me ka daina?”

“Maganin.”

Ta ajiye abin da take yi ta dube ni. “Ka san abin da likita ta ce.”

“Na sani.”

“To. Ni dai ba gashi na aura ba. Da gashi nake nema da tunkiya na saya.”

Makonnin farko ba abin da ya faru. Na riƙa duba madubi ina ganin komai na nan daram. Har na fara cika baki, ina cewa likita ba ta san gashin Fulani ba, nawa tura shi kawai aka yi ya tashi, yanzu da ƙafarsa yake tafiya. Na shiga ruwan sama da gangan ba lema. Na yi alwala na shafi kaina tun daga goshi har ƙeya da ruwa sosai, na ji wani daɗi da na manta da shi.

Wajen wata na uku abin ya fara. Da fari a rigar filo na gani, ɗai-ɗai. Sai a mataji. Sai a bahon wanka, har ruwa ya daina wucewa, na tsuguna da waya ina zaƙulo abin da na yi shekaru ina reno. Ba wanda maganin ya tsirar kawai ya tafi ba, har da wanda ya riƙe mini da tuni ya zube. Kamar dai sanƙon ya tsaya ne a bakin ƙofa yana jira, da aka buɗe ya shigo da kayansa gaba ɗaya. Goshi ya ja baya, tsakiya ta faɗaɗa, suka fara miƙa wa juna hannu.

A ofis ma sai da ya bar shaida. Na kai wata taswira injin fotokofi, aka buga aka raba wa masu zuwa taro. Ana cikin taron wani abokin aikina, Bature mai son bin diddigi, ya sa yatsa a kan takarda ya ce shi bai san da wannan hanyar ƙafar da ta ratsa bayan makaranta ta yi kwana ta shiga filin wasa ba. Kowa ya duba tasa, ga ta nan kuwa, siririya, ta lanƙwasa da kyau. Na duba asalin zanen, babu ita. Na koma wajen injin na ɗaga murfi, ga silin gashina kwance a kan gilashi. Na dawo na ce musu an soke hanyar. Da na yi bayani aka yi dariya, ni ma na yi, amma a jirgin ƙarƙashin ƙasa da yamma na ga fuskata a gilashin taga. Ban kai arba'in da biyar ba, ga wani dattijo yana kallona.

Kwanakin nan na yi shiru-shiru a gida. Sau da yawa na wuce ta gaban kemis ina rage tafiya. Matata ta lura, ta janye tsokana gaba ɗaya, abin da ya fi tsokanar ciwo, don in Babarbariya ta fara tausaya wa Bafillace to lallai abin ya kai. Ranar da ta kawo mini shayi har da cewa “sannu” a tausashe, na ce mata, “Don Allah ki zage ni ko na ji daidai.” Ta ce, “To, matsa can, kana kashe mini ido da haske.” Na ji sauƙi.

Asabar ɗin da ta biyo na ɗauki yarinya muka tafi Catford. Mai askina ya zagaya kujera yana duba kan ta kowane gefe, almakashi a hannu, ya rasa inda zai fara.

Ya ce, “Maigida, da ina ɗauko daga nan in rufe can. Yanzu nan ɗin ma yana neman taimako.”

Na ce, “Kwashe shi duka. Ƙwal-kwabo.”

“Ka tabbata? Madam ya sani?”

“Za ta gani.”

Ya sa inji ya share, ya shafa kumfa, ya bi da aska. Na rufe ido har ya gama. Da na buɗe, abin da na gani bai kai munin da nake tsoro ba. Kan ya fito zagaye, sumul, har da wani ɗan tudu a baya da ban taɓa sanin ina da shi ba. Yarinya, wadda ke zaune a benci tana cin biskit, ta ɗago ta dube ni ta fashe da kuka, ta ruga ta riƙe ƙafar mai aski. Sai da na yi ta magana ta gane muryar. Ta matso a hankali, ta miƙa yatsa ɗaya ta taɓa, ta janye, ta sake taɓawa da tafin hannu. Da muka fito na ɗora ta a wuya, ta lalubi linzami ta rasa, sai ta kama kunnuwana. Da su ta tuƙa ni har tashar bas, iskar hunturu tana dukan kaina kamar an kifa mini ƙwaryar ƙanƙara.

Bayan 'yan shekaru aka fito da maganin sanƙo na haɗiya, ƙwaya ɗaya a rana. Wani likita ɗan Zariya da muke haɗuwa ranar Lahadi ya ce in gwada, ba shafawa ba jiran bushewa. Na tambaye shi in an daina fa, ya ce shi ma haka, abin da ya bayar zai karɓe. Na ce ya bar ni, na riga na yi bankwana sau ɗaya, ba zan sake ba.

A bazarar shekarar da na yi askin ne mahaifiyata ta zo duba idonta, zuwanta London na farko. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba, sai dai ta bi ta kan wani. Na je tarbarta a filin jirgi da hula a kaina. Sai da muka iso gida, aka ci abinci, na tashi zan yi alwala, na cire hular na ajiye a kan kujera. Inna ta bi kaina da kallo har na fara tsarguwa.  Can ta jawo jikarta ta zaunar a cinya ta ce mata, “Kin ga kan ubanki? Haka na kakanki yake. Har ɗan tudun nan na baya.”

Mahaifina ya rasu ina ƙarami ƙwarai. Hotonsa ɗaya ne a gidanmu, yana sanye da doguwar hula, kuma ban taɓa tunanin abin da ke ƙarƙashinta ba. Na ce, “Inna, Baffa sanƙo gare shi?”

Ba ta dube ni ba, ta ci gaba da magana da yarinya. “Tun yana saurayi. Duk zuwan da ya yi gidanmu neman aure bai taɓa cire hula ba, ko da zafi ya kai zafi. Mu muna cewa kunya ce da natsuwa. Sai da aka kai ni ɗakinsa na ga ashe ɓoyo yake yi.”

Matata ta riƙe baki. Ta ce, “Inna, ashe abin gado ne, har da ɓoyon.”

Inna ta ce, “Ke dai bari, 'yar nan. Na yi kwana uku ina fushi, daga baya na saba. Har ya zama in ya dawo daga kasuwa ni nake shafa masa mai, don in iska ta buge shi tsagewa yake.”

Ta sa aka jawo mata jakarta, ta lalubo wani gwangwani da ta cika da man kaɗanya ta ɗaure da leda. Na zaci matata za ta miƙa wa. Sai ta ce wa jikarta, “Gaya wa ubanki ya zauna nan, ya daina tsaye a kan mutane.” Yarinya ta juyo ta gaya mini da Turanci. Na zauna a kan kafet a gabanta, na ba ta baya. Ta lakato man ta murza a tafin hannu, ta ɗora a kaina. Ban tuna ranar da hannun Inna ya taɓa ni ba kafin wannan. Hannun ya yi kaushi, ga ɗumi. Ta shafa tun daga goshi har ƙeya, a hankali. Yarinya ta ga abin ya yi mata, ta cusa hannu cikin gwangwanin ta kwaso fiye da kima ta shiga taya kakarta, har man yana gangaro mini ta bayan kunne.

Na ce, “Inna, alwala fa zan yi.”

Ta ce wa jikarta, “Ce masa lokaci bai ƙure ba.”